Zauren 'Yan Mata: Fitilar Nan Ta ABS A Motar Angonki

Wannan karon mun ɗan ajiye zancen lefe, don wata amarya daga Argungu ta rubuto cewa angonta ya sayo tsohuwar mota 'yar Kwatano, kullum wata fitila ruwan ɗorawa mai haruffan ABS tana kunne a gaban direba, shi ko sai ya ce ba komai. Tana aiki a Birnin Kebbi, a motar nan yake kai ta. Shin ta kwantar da hankalinta?

'Yar uwa, ba zan ce ki kwantar ba, ba kuma zan ce ki tayar ba. ABS na zamani wata dabara ce da Bosch da Marsandi suka fito da ita a 1978, don kada taya ta ƙame ta riƙa jan ƙasa in an taka birki da ƙarfi. Kowace taya tana da ɗan ma'auni da ke ƙirga juyawarta ta wani zobe mai haƙora, yana kai wa kwamfutar mota labari. In taya na shirin ƙamewa, sai a sassauta mata birki a sake kamawa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, direba ya samu damar karkata sitiyari ya kauce wa saniya ko ɗan acaɓa.

In an kunna mota, fitilar ta kawo ta ɗauke bayan 'yan daƙiƙu, lafiya lau. In ta zauna, ABS ya daina aiki, amma birki na kamawa irin na motocin da. In ko jar fitilar birki ta kawo tare da ita alhali an sauke birkin hannu, to a tsaya, kada ki yarda ki shiga, ko da kwalliyarki za ta lalace da jira.

Sau da yawa ciwon ƙarami ne. A fara duba man birki da fis da ƙarfin batir. Sannan a cire taya a leƙa ma'aunin. Mu mutanen fadama mun san laka. Motar da ta yi damina tana shiga gonar shinkafa, ko aka kutsa da ita bakin Matan Fada, dole ta kwaso taɓo, ga ɓera mai cin waya. Boris da ya saki ko haƙorin zobe da ya karye su ma suna ruɗa ta. In mai wayarin yana da na'urar karanta ABS, ita za ta faɗi tayar da ke da laifi. Amma wanda bai ko durƙusa ba ya ce a sayo sabon famfo, ku nemi wani.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne halin wasu dillalai, masu cire ƙwan fitilar don a ɓoye aibu, tamkar bazawarin da ya rina furfura. Shi ya sa in an murɗa makulli fitilar ba ta kawo ba sam, wannan ma ciwo ne.

Ga masu koyon tuƙi kuwa, in kin taka birki da ƙarfi kika ji yana karkarwa a ƙafarki yana gurnani, aikinsa yake yi. Ki danne, kada ki ɗaga. A kan rairayi ko tsakuwa kuma mota mai ABS na iya ƙara nisa kafin ta tsaya, sai ki rage gudu tun kafin ki sauka daga kwalta.