Filin Iyaye: Yaro da Motarsa a Cikin Taɓo

Ga damina ta zauna, ga taɓo ko'ina a tsakar gida. Uwa ta sa wa yaro riga wankakkiya da safe, kafin tsakar rana ya dawo yana jan motarsa ta kara, daga shi har motar duk laka. Sai bulala. Mu dai muna roƙon iyaye mata su ajiye bulalar nan.

Ɗan shekara 3 ko 4 da hannu yake koyo. In ya tura mota cikin taɓo ya tsaya yana kallon sawun taya, lura yake yi: ga mai faɗi, ga siriri, ga wanda ya karkace. Yatsun nan ne gobe za su riƙe alli.

To, a tuɓe masa rigar zuwa sujada, a sa masa tsohuwa. A shimfiɗa kwali a inuwa. A dama jar ƙasa a kasko ɗaya, garin gawayi a wani. Ya tsoma tayoyin, ya yi ta tuƙi a kan kwalin. In ya gama a ba shi ruwa a kwano ya wanke motarsa. Mun lura wankin nan ma ya fi tuƙin daɗi a wurinsu.

Amma a ɗebo ƙasar nesa da masai da turken awaki, saboda tsutsar ciki. Motar gwangwani kuwa a bar wa manyan yara. Bakinta da kaifi, yankan da ƙasa ta shiga kuma yakan kawo ciwon sarƙewar haƙora, musamman ga yaron da ba a yi wa allurar rigakafi ba.