Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Motar Amarya a Littattafanmu

'Yan'uwa marubuta, akwai wani abu da ya zame mana ƙarfen ƙafa a labaran soyayya, wanda da wuya a kawo rubutu zaman karatu ba mu ci karo da shi a babin ƙarshe ba. An ɗaura aure, sai ga wata dalleliyar mota an naɗe ta da ƙyallaye masu walƙiya da balan-balan da furannin roba. Ango ya kama hannun amarya, ya buɗe mata ƙofa, ya ja mota su biyu kacal, jama'a na ɗaga musu hannu. Muna tambaya, don Allah a wace unguwa aka yi haka, a Fagge ko a Tudun Wadar Zariya?

Wannan al'ada tana da masu ita. A Ingila ta dā, idan ango da amarya za su tafi, akan jefa tsohon takalmi a bayan keken dokinsu don fatan sa'a. A Faransa maƙwabta kan taru a ƙofar sababbin ma'aurata su yi ta dukan tukwane da kwanoni, kuma da wannan ake danganta gwangwanayen da Amurkawa ke ɗaurawa a bayan mota. A 1981, da Yarima Charles ya auri Diana, ƙannensa sun ɗaura wa keken dokin balan-balan da allo mai cewa yanzu aka ɗaura. A 2011 ɗansa William ya tuƙa amaryarsa da kansa daga fadar Buckingham cikin motar mahaifinsa, ita ma an yi mata ado. A wurinsu adon motar shela ce cewa waɗannan biyu sun bar dangi sun kama gabansu.

Mu kuwa amarya ba ta tafiya, kai ta ake yi. Abokan ango ne ke kawo motoci bayan magariba, shi angon ba ya cikin ayarin. Sai an shigar da ita wurin mahaifinta ya yi mata nasiha, sannan a fito da ita a lulluɓe tana kuka, gwaggo a dama, babbar ƙawa a hagu, har a danƙa ta amana a hannun dangin miji. Sayen baki da buɗar kai duk suna gaba. Kafin zuwan mota ma, a wurare da dama yarinya ƙarama ake ɗorawa a kan doki, ita ce amaryar boko, idon jama'a na kanta, ta gaskiyar kuwa a sulale da ita a ɓoye. Wato kakanninmu ɓoye amarya suke yi, mu kuma a littafi mun mai da ita tallar mota.

Mun san za a ce zamani riga ne, kuma ai ga motocin nan ana yi musu ado a Kano da Kaduna da Maraɗi, har wani angon kan shiga mota ɗaya da amarya zuwa wurin dina. Ba mu musa ba, kuma ba mu ce a koma kan doki ba. Abin da muke cewa shi ne, in za a rubuta, a rubuta abin da ido ya gani. Ina labarin abokin ango da ya kwana uku yana yawon aron mota? Ina ƙawayen da aka cusa su shida a kujerar baya, ɗaurin ɗankwali ya wargaje? Ina gwaggon da ta rantse ba ta shiga sai an fito mata da jakarta? Marubucin da ya cika shafi guda da sunan mota da launinta, bai tsaya ya leƙa abin da ke ƙarƙashin mayafin nan ba, ya bar jaki yana dukan taiki.

Lamarin ma ya wuce na adabi. Wa bai taɓa ganin ayarin kai amarya ba, an rufe lambar mota da takarda, furanni sun tare gilashi, samari na wasa da sitiyari a tsakiyar titi, wasu sun zauna a bakin taga? Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, amma ba ta da jami'in da za ta ajiye a kowane lungu bayan isha'i. Kowannenmu ya san gidan da aka tara tukwanen biki aka ƙare da zaman makoki. Idan muka zana wannan gudu a matsayin burgewa, yarinyar da ta karanta ta ce ita ma sai da mota ashirin, saurayi ya ci bashi, to ba za mu ce babu hannunmu ba.

Ga sababbin marubuta, shawara ba ta da tsada. Ku nemi labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ku ga yadda tsohuwa ɗaya ta bayyana bukukuwan ƙasar Zazzau dalla-dalla. Sannan ku rufe littafin ku zauna da kakanninku, ku bi ayarin kai amarya ko sau ɗaya da idon marubuci. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda yake ganin mun yi kuskure, shafin nan a buɗe yake, muna jiran martaninsa a fitowa ta gaba. Allah Ya yi mana jagora.