Zenon: Shaidar gwajin nukiliya da ke ɓacewa cikin 'yan kwanaki

Ranar 12 ga Fabrairun 2013, na'urorin auna girgizar ƙasa suka nuna an yi wata fashewa a ƙarƙashin ƙasa a Koriya ta Arewa. Sai dai girgiza kaɗai ba ta tabbatar da cewa bam ɗin na nukiliya ne, domin tarin nakiya ma na girgiza ƙasa. Shaidar da ake jira ta iso bayan kwana 55, lokacin da tashar Takasaki a Japan ta gano iskar zenon mai tururin nukiliya.

Idan ƙwayar yuraniyom ko fulutoniyom ta tsage, takan haifar da sinadarai iri-iri, ciki har da zenon. Shi ba ya manne wa komai, don haka yakan sulalo ta tsagar dutse ya bi iska. Amma ba ya daɗewa. Rabin zenon-133 kan lalace cikin kwana biyar da 'yan awoyi, rabin zenon-135 kuwa cikin awa tara. Masana na gane kowane nau'i ta ƙarfin tururin da yake fitarwa, sannan su kwatanta yawan wannan da na wancan su ƙiyasta lokacin da aka yi tsagewar.

Matsalar ita ce ba bam kaɗai ke fitar da zenon ba. Masana'antun da ke samar da molibdinom-99, irin ta garin Fleurus a Beljiyam, su ma yuraniyom suke tsagawa. Daga wannan sinadari ake samun abin da asibitoci ke hoton zuciya da ƙashi da shi. Zenon ɗinsu na yawo a iska, yana rikita tashoshin hukumar CTBTO mai sa ido kan gwajin nukiliya.

Ba mai hankalin da zai ce a rufe su. Marasa lafiya na jira. Kuma abin da suke saki bai kai ya cutar da mutum ba, shi ya sa hukumomin ƙasashensu ba su cika matsa musu ba. Wasunsu sun yi alƙawarin ragewa bisa raɗin kansu, amma alƙawari ba doka ba ne.

Ya kamata lasisin kowace irin wannan masana'anta ya wajabta mata miƙa wa CTBTO alƙaluman abin da take fitarwa kullum, ta kuma riƙe iskar kafin ta sake ta. Zenon-133 da aka tsare kwana 52 kan ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin 1,000.