Inji Na Ruri, Babur Ba Ya Gudu

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori bisa Gulbin Sakkwato cikin 1978, manoma da yawa na ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun suka sami aikin yi da rani. Shinkafa da albasa da tumatur duk sai an kai su kasuwa, aikin da jaki ya ke yi a da kuwa yanzu babur ya gaje shi. Mutumin Morai da ya ɗaura buhuna a bayan Boxer ran Talata da asuba ba abin da ya ke so illa ya riski kasuwar Mafara tun masu saye ba su watse ba.

To, akwai wata cuta da ta kan kama baburan ƙauye, watau zamewar kuloci. Alamarta ba ta ɓuya. In mutum ya sa giya ta ƙarshe yana tafiya sannu, ya murɗa totur, sai ya ji inji na ruri amma gudu bai ƙaru ba. A kan tudu ko cikin rairayi abin ya fi tsanani, wani lokaci har da ƙauri, ga shan fetur na banza.

Masu babura sun kasu biyu a kan wannan, kuma duk sun yi kuskure. Waɗansu sai su ƙyale shi, wai ai yana tafiya, har ran da zai tsaya da kwandunan tumatur cikin rana. Waɗansu kuwa da jin haka sai su garzaya sayen sababbin fayafayan kuloci, alhali sau da yawa laifin na waya ne, gyaran da bai wuce minti biyar ba.

Ga dalili. Kuloci fayafai ne a jere cikin mai, sifirin ya matse su wuri ɗaya don ƙarfin inji ya isa ƙafar baya. Waya ita ke raba su in an ja hannu. In wayar ta ɗame ƙwarai, kamar an ɗan ja hannun ne kullum, fayafai ba su kama juna sosai, sai su riƙa gogayya suna cinyewa. Sabo da haka lalle ne hannun kuloci ya zama yana da ɗan wasa kafin ya fara ja, misalin milimita 10 zuwa 20 a ƙarshensa, watau kamar fāɗin yatsa.

In babu wannan wasa, sai a bari inji ya huce. A kwance notin da ke riƙe da abin ɗaurin waya a gindin hannu, a murɗa abin ciki har wasan ya samu, sa'an nan a ƙulle notin. In na sama ya ƙure, akwai noti biyu a ƙasa kusa da inji, sai a sassauta daga can da sifana. A juya kan babur dama da hagu a ga wasan bai ɓace ba. Har wa yau a ɗiga wa wayar mai, gama ƙurar hunturu ta kan sa ta cije ta ƙi komawa. Amma kada a zarce. In wasa ya yi yawa giya za ta riƙa wuyar shiga, babur ya riƙa jan jiki ko an riƙe kuloci.

In an yi wannan bai daina ba, sai a tuna irin baƙin man da aka zuba. Fayafayan babur cikin man inji su ke wanka, shi ya sa waɗansu mayukan mota masu santsi da yawa su kan sa su zamewa. Man awo na bakin hanya kuwa ba wanda ya san asalinsa. A nemi wanda aka rubuta 4T da JASO MA a jikin gwangwaninsa. Araha ba ta ado.

Sai bayan waɗannan biyu ne ya kamata a je wurin makanike. In fayafai sun cinye a sake su gaba ɗaya, a duba sifirin ko sun saki, a kuma jiƙa sababbin cikin mai kafin a ɗaura.

Wani zai ce manomi ba makanike ba ne, kowa ya tsaya ga sana'arsa. Gaskiya ne, ba a ce ya buɗe inji ba. Amma wanda ya iya ɗaura wa fartanya ƙota, ya iya gyara akumari, noti biyu ba su gagare shi ba. Kuma babu makaniken da zai warkad da baburin da a ke ɗora wa buhu uku da mutum biyu, a riƙa ratsa taɓo da rabin kuloci. Jaki in kaya sun fi ƙarfinsa ya kan gurfana kowa ya gani, babur kuwa a ciki ya ke ƙonewa. Sawu biyu lafiya sun fi sawu ɗaya da turi.

Kowane mai babur ya taɓa hannun kulocinsa ran Litinin da yamma, tun bai ɗaura kayan kasuwa ba. Allah ya ba da sa'ar ciniki.