Ra'ayin Jarida: Sanƙarau a Potiskum da darasin intaferon ga masu rubuta kasafi

A watan Fabrairun 2024, iyaye a Potiskum da garuruwan da ke kewaye da ita sun yi ta tururuwa zuwa makarantun kwana domin kwaso 'ya'yansu, bayan da sanƙarau ya ɓarke a ɗakunan kwanan ɗalibai, aka kuma ba da rahoton rasuwar kimanin 20 daga cikinsu. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa daga 1 ga Oktoban 2023 zuwa 11 ga Maris ɗin 2024, an samu mutum 1,742 da ake zaton sun kamu da cutar a jihohi bakwai, ciki har da Yobe, kuma 153 suka rasu. Makonni kaɗan bayan haka Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai suna Men5CV, wadda ke kare mutum daga nau'i biyar na ƙwayar cutar a lokaci guda.

An yi murna, kuma murnar ta dace. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba a ofisoshin Abuja: daga ina allurar ta fito? Shekara 13 aka shafe ana aikinta tsakanin ƙungiyar PATH da kamfanin Serum na Indiya, da kuɗin gwamnatin Birtaniya. Nijeriya ce ke ɗauke da cutar, wasu ne suka ɗauki nauyin binciken. Wannan jarida tana ganin lokaci ya yi da masu tsara manufofi za su fahimci yadda rayuwar mai bincike kan garkuwar jiki take, domin rashin fahimtar nan ne ke sa a riƙa yanka kuɗin bincike tun kafin ya yi 'ya'ya.

Tarihin sinadarin intaferon ya isa misali. A 1957, a Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasa da ke Mill Hill a Landan, Alick Isaacs ɗan Sikotilan da Jean Lindenmann ɗan Suwizalan suka ɗauki fatar da ke lulluɓe da ɗan tsako a cikin ƙwai, suka haɗa ta da ƙwayar mura da aka raunana da zafi. Sai suka lura cewa fatar tana fitar da wani sinadari wanda idan aka zuba shi a kan wata sabuwar fatar, yana hana ƙwayar mura mai rai yaɗuwa. Ashe ƙwayar halittar da cuta ta shiga tana yi wa maƙwabtanta kururuwa, su rufe ƙofa kafin ɓarawo ya iso. Saboda katsalandan ɗin da sinadarin ke yi wa cuta aka raɗa masa suna intaferon.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin. Jiki ba ya fitar da sinadarin sai ɗan ƙanƙani, tace shi ya gagara shekara da shekaru, har wasu masana suka riƙa shakkar samuwarsa. Isaacs ya rasu a 1967 yana ɗan shekara 45, bai ga ranar da aka rubuta wa majinyaci shi a matsayin magani ba. Sai a 1980 masana a Zurik da Tokiyo suka iya ware ƙwayar gadon da ke samar da shi, aka sa bakteriya ta riƙa ƙera shi da yawa. A 1986 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wani nau'in sankarar jini. Kusan shekara 30 ke nan daga takardar farko zuwa kwalbar farko. Da jami'in da ke duba kasafin Mill Hill ya nemi ganin riba a ƙarshen kowace shekara, da an rufe fayil ɗin tun yana jariri.

Yau amfanin wancan haƙurin ya kai har bakin ƙofar mutumin Potiskum. Intaferon yana cikin magungunan da aka amince da su don ciwon hanta nau'in B, cutar da binciken ƙasa na 2018 ya gano tana jikin kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64. Da awon intaferon a cikin jini ake gane wanda ƙwayar tarin fuka ta shiga jikinsa tun bai fara tari ba, kuma da irin wannan awon ake gano tarin fuka a jikin shanu. Ga garin da ke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu a Afirka ta Yamma, inda ake shan nono a kowane gida, wannan magana ce ta lafiya da ta ciniki a haɗe. Masana sun kuma nuna cewa ƙwayar zazzaɓin Lassa, wadda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Borno, tana da furotin da ke danne kururuwar intaferon. A 2020 ma wani bincike ya gano cewa kusan ɗaya cikin goma na waɗanda korona ta kai bakin mutuwa, jikinsu ne da kansa ke ƙera sinadaran da ke kashe ƙarfin intaferon.

Kada a ɗauka irin wannan aikin sai Turai. A shekarun 1970, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ya kasance cibiyar da duniya ke saurare kan sanƙarau, inda Brian Greenwood da Hilton Whittle da abokan aikinsu 'yan Nijeriya suka yi nazarin yadda garkuwar jiki ke fafatawa da cutar. Farfesa Idris Mohammed, masanin garkuwar jiki ɗan Gombe, ya wallafa a mujallar Lancet a 1981 sakamakon yi wa jama'a rigakafin sanƙarau a tsohuwar Jihar Bauchi. Shi ne kuma ya jagoranci rubuta takardar da ta adana alƙaluman annobar 1996: mutum 109,580 suka kamu, 11,717 suka rasu. Irin waɗannan rubuce-rubucen ne suka zama hujjar da aka kafa wajen ƙera allurar MenAfriVac, wadda ta shigo Nijeriya a 2011 ta kusa shafe nau'in A na cutar. Takardar da wani ya rubuta a Zariya ko Maiduguri, ba a ga amfaninta a fili sai bayan shekara 20 ko 30, amma idan ya zo, rayuka dubbai yake ceta.

Yobe ma ta fara nuna hanya. A 2021 aka buɗe cibiyar bincike da horo kan kimiyyar lafiya, wato BioRTC, a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, bisa jagorancin Dakta Mahmoud Bukar Maina na Jami'ar Sussex, kuma ta duƙufa kan ciwon ƙoda da ya addabi yankin Gashuwa. Idan jiha mai ƙaramin ƙarfi ta iya wannan, uzurin Gwamnatin Tarayya ya ƙare. Ƙasashen Tarayyar Afirka sun yi alƙawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikin da suke samarwa a shekara ga bincike, Nijeriya ba ta ko kusanci adadin ba. Masana'antar rigakafi ta Yaba, wadda ta daɗe tana samar da allurar agana da ta shawara da ta cizon mahaukacin kare, an rufe ta a 1991 da sunan gyara.

Gyaran yana hannun masu karanta wannan shafi fiye da yadda suke zato. Da farko, tallafin bincike na TETFund da na ma'aikatun lafiya da kimiyya ya kamata ya zama na shekara biyar ko fiye, a kuma saki kuɗin a kan kari, domin ƙwayar halittar da ake raino a ɗakin gwaji ba ta jiran sa hannun babban sakatare. Na biyu, a buɗe wa sinadaran gwaji hanya ta musamman a kwastan. Kayan da ke buƙatar sanyi idan suka yi mako uku a tashar jirgi, shara aka sayo da dala. Na uku, Hukumar Kula da Jami'o'i ta sake duba ma'aunin ƙarin girma. Muddin yawan takardu ake ƙirgawa, malami zai gwammace ya biya mujallar bogi ta buga masa goma a shekara, da ya shafe shekara huɗu yana bin tambaya ɗaya mai nauyi. Na huɗu, NCDC da Cibiyar Binciken Dabbobi ta Vom su haɗa hannu da Damaturu, a samar wa Potiskum ɗakin gwaji mai wutar rana da ma'aikata na dindindin, wanda zai iya tantance nau'in sanƙarau a jikin yaro da tarin fuka a jikin saniya ba tare da an jira samfuri ya je ya dawo ba.

Mai ba minista shawara, da daraktan tsare-tsare, da magatakardan kwamitin majalisa, su ne ke yanke wane layi zai tsira idan aka zo rage kasafi, kuma layin bincike ne ya fi sauƙin gogewa, tunda ba shi da ginin da za a ƙaddamar ko kintinkirin da za a yanka. Amma kowace shekara, da zarar hunturu ya ja baya zafi ya kunno kai, lokacin sanƙarau ya dawo, ɗakunan kwanan ɗalibai a Potiskum kuwa cike suke. Kafin a goge wannan layin a kasafi mai zuwa, a tuna da iyayen da suka je ɗauko 'ya'yansu a Fabrairun 2024 suka tarar an makara.