Raddi ga Masu Mayar da Kagarar Montsegur Ɗakin Bautar Rana

An daɗe ana yayata cewa kagarar da ke kan dutsen Montsegur, a kudancin Faransa, ɗakin bautar rana ce da Katarawa, mabiya wata ɗarikar Kirista da coci ta ɗauka bidi'a, suka gina, wai don hasken fitowar rana yana ratsa tagoginta daidai a ranar da yini ya fi tsawo cikin watan Yuni. Fernand Niel ne ya shahara da wannan zance a shekarun 1950, masu yawon buɗe ido suka karɓa hannu bibbiyu.

Na farko, ginin da Niel ya yi ta aunawa ba na Katarawa ba ne. Wajen 1204 Raymond de Pereille ya sake gina wurin bisa roƙon malamansu, a 1232 kuma shugabansu Guilhabert de Castres ya mayar da shi cibiya. Dakarun sarkin Faransa ƙarƙashin Hugues des Arcis suka yi musu ƙawanya daga Mayun 1243, aka miƙa wuya a Maris na 1244, aka ƙona mutum fiye da 200 da suka ƙi barin aƙidarsu. Daga nan dutsen ya koma hannun gidan Levis, aka ɗora sabuwar kagara a kan kufan tsohuwar. Ita ce ke tsaye yau. To ta yaya waɗanda aka ƙona za su tsara tagogin ginin da maƙiyansu suka yi bayan mutuwarsu? An auna rigar wani an ce ta mamacin ce. Su Katarawan, masu tonon tarihi sun gano ƙananan gidajensu manne da gangaren dutsen, ƙauye ne mai ganuwa, cike da 'yan gudun hijira.

Na biyu, Katarawa sun ɗauki duniyar nan da abin da ido ke gani cikinta a matsayin aikin mugun mahalicci. Mai wannan aƙida ne zai durƙusa wa rana? Haba!

Na uku, wata tatsuniyar makamanciyar wannan, wato batun ƙoƙon Annabi Isa da Bajamushe Otto Rahn ya jingina wa wurin a 1933. Shaidar da aka ba kotun coci ta ambaci zinariya da azurfa da kuɗi da aka fitar a ɓoye, babu ƙoƙo a ciki.

Na huɗu, hasken tagar. Duk kafar da ta fuskanci mafitar rana, wata rana sai haske ya bi ta cikinta.