Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Matuƙan Jiragen Feshi na Ƙasar Lafiya

Ba a musun amfanin da matuƙan jiragen noma suka kawo, tun daga shuka da feshi ta sama a gonar shinkafar Rukubi da ke ƙaramar hukumar Doma, har zuwa yaƙi da tsuntsayen jan baki a Kebbi da Jigawa. Wannan yabo hakkinsu ne, kuma an ba su.

Abin da ya jawo wannan wasiƙa shi ne ɗabi'ar tashi zuwa gona ba tare da an fara taka ta da ƙafa ba, ana dogaro da taswirar da ke cikin na'ura kawai. Jirgin feshi yana aiki ne mita kaɗan bisa kan amfanin gona, ɗauke da nauyi, ta yadda idan inji ya mutu matuƙi ba shi da tsayin da zai ba shi damar tunani, sai dai ya sauka inda ya riga ya zaɓa tun yana ƙasa. Wanda bai zagaya gonar ba bai san inda wayar lantarki ta ratsa ba, alhali siririyar waya ba ta ganuwa cikin hazon hunturu ko da almuru, kuma bai san cewa fadamar da take shimfiɗe lumui daga sama laka ce mai riƙe taya ta kifar da jirgi ba.

Magabatan sana'ar ba haka suka yi ba. Bayan da John Macready ya yi feshin farko a Ohayo ta Amurka a 1921, asarar rayuka ce ta sa Fred Weick ya ƙera jirgin AG-1 a 1950 da nufin matuƙi ya tsira ko da jirgin ya faɗi, kuma daga wannan tunani aka gaji ajiye tankin magani a gaban matuƙi, da ƙarfen yanke waya, da hannun zubarwa, wato sandar da ake ja tanki ya zubar da kayansa cikin daƙiƙoƙi don jirgi ya yi sauƙi. Abin takaici ne a ce wanda ya gaji wannan sanda yana jinkirin jan ta don tsoron mai gona zai yi ƙorafin kuɗin magani. Wannan ganganci ne, kuma mai gonar da ke tsawata wa matuƙi a kan haka yana da kaso a alhakin abin da ya biyo baya.

Nan ma maganar ta koma kan taka gona, domin zubar da guba kusa da rafi ko rijiya ko rugar makiyaya wata masifa ce, kuma wanda ya zagaya ne kaɗai ya san gefen da zai karkata kafin ya ja sandar.

Ana roƙon matuƙa, cikin mutuntawa, su riƙa kai rahoton kowace saukar gaggawa ga hukumar binciken haɗurra ta NSIB ko da babu wanda ya ji rauni, su kuma nemi manoman wurin su nuna musu wayoyi da rijiyoyi kafin tashin farko na kowace damina.